Ƙwai Tara a Ƙarƙashin Gogo

Kumfa ce ke fita daga bakin Gogo, tana ɗiga a kan ƙwan da ta nannaɗe.

Thobile ta saki murfin akwatin ya faɗi ƙasa. Mesar ta ɗaga kai sama, baki a buɗe, duk numfashin da ta ja sai an ji wani ƙaramin ƙara kamar ruwa na tafasa a nesa. Shekara goma sha tara Thobile na buɗe akwatin nan kullum da safe, ba ta taɓa jin Gogo ta yi sauti ba.

"Baba, ajiye shayin nan ka zo," ta ce, ba ta ko waiwaya ba.

Bhekani Hlengwa, mijinta, ya shigo garejin da singileti, kofi a hannu. "Me kuma ya faru, MaShozi? Yau fa Asabar ce." MaShozi yake kiranta, da sunan gidan iyayenta.

"Duba."

Ya leƙa. Ya daɗe yana kallo kafin ya ce, "Ko sanyi ne ya kama ta? An kwana ana ruwa."

"Sanyi a watan Nuwamba, lokacin zafi, a Pinetown, a ɗakin da ma'aunin zafi ke kan talatin da ɗaya? Jawo sauran akwatunan."

Kantoci uku ne a garejin, jere da akwatunan roba arba'in da biyu, kowanne da mesa guda, irin ƙananan nan da ke dunƙulewa kamar ƙwallo idan sun tsorata. Suka shiga jawowa ɗaya bayan ɗaya. A na goma sha biyu suka tarar da wani namiji ya juya ciki sama, ya sandare, bakinsa cike da majina. A wasu uku kuma yawu ne ya bushe a jikin robar, daidai inda suke goga baki. Thobile ta ɗauki waya ta kira likita, ta ce mata ta bar duk abin da take yi.

Mu da ke kiwon macizai tsakanin Durban da Pietermaritzburg, babu wanda bai san Gogo ba. Ba kyau gare ta ba. Baƙi da ruwan ƙasa ne a jikinta, irin wanda ko yaro ba ya tsayawa kallo a wurin baje koli. Hali ne da ita. Thobile ta saye ta a hannun Oom Stoffel, wani tsoho da ya yi shekara talatin ba ya haɗa mace da namiji sai masu sanyin rai, duk wanda ya taɓa kai sara kuwa ba zai bar shi ya haihu ba komai kyansa. Ranar da ta je saye, awa biyu tsohon ya yi yana yi mata tambayoyi kamar mai ba da auren 'yarsa, sannan ya ce ta koma gida ta dawo bayan wata guda in har lokacin tana so. Oom Stoffel ya rasu, 'ya'yansa suka watsar da kiwon cikin mako ɗaya. Gogo kaɗai ta rage daga hannunsa kai tsaye, ta kuma tsufa, shekara uku ke nan ba ta yi ƙwai ba. Bana ta yi tara. Thobile ta bar mata su ta kwanta a kai da kanta, yadda tsohon ke yi, yau kwana ashirin da biyu.

Dakta Moonsamy ta iso kafin ƙarfe tara, gajeriyar mace mai saurin magana. A bakin gareji ta tsaya ta ɗaura leda a takalmanta, ta sa safar hannu biyu biyu.

Likitar ta buɗe bakin mataccen namijin, ta haska da tocila, ta rufe. Ta tsuguna gaban Gogo tana sauraren numfashinta.

"Sisi, 'yar'uwa, ba zan ɓoye miki ba. Zan ɗebi yawunsu duka in tura gwaji, sai bayan kwana goma za mu ji. Amma sau biyu na ga irin wannan bana. Ƙwayar cuta ce da ke cin huhu, kuma ba ni da maganinta."

"Gogo fa?"

"Nutsewa take yi a cikin ruwan jikinta. Ko jibi ma da wahala ta kai."

Thobile ta nuna akwatin. "Ƙwan fa?"

"Abin da na gani zuwa yanzu, cutar ba ta cika shiga cikin ƙwai ba. Amma in suka ƙyanƙyashe a cikin wannan kumfa, ko ta mutu a kansu ta ruɓe, kin rasa su. Yau za a cire su, a fitar da su daga ɗakin nan gaba ɗaya." Ta miƙe tana duban kantocin. "Wannan cuta ba daga sama take faɗowa ba. Wane baƙo ne ya shigo gidan nan?"

Thobile ta juya ta kalli mijinta.

"Kada ki soma," Bhekani ya ce. "Na san me za ki ce. Dakta, zo ki gani da idonki."

Ya wuce gaba zuwa ɗan ɗakin da ke bayan gida, kusa da bishiyar fiya. Akwati ɗaya ne a ciki. Ya ja murfin, sai ga farar mesa tas kamar nono, idanunta shuɗaye, tana kaɗa harshe cikin ƙoshin lafiya.

"Gimbiya ke nan," Thobile ta ce. "A wurin ajiye motoci ya saye ta, ranar baje kolin Agusta, a but ɗin motar wani da ko sunansa na gaskiya bai sani ba. Babu katin cin abincinta, babu ranar ƙyanƙyasa, babu sunan uwa ko uba. Na ce masa mai kaya nagari tebur yake kamawa a cikin zaure."

"Ke kuma shekara nawa muna kiwon masu kalar ƙasa, mutane na wuce teburinmu kamar muna sayar da igiya? Sai dai a ce, 'Ayya, ga na MaShozi masu ladabi.' Ladabi ake ci?" Ya juya ga likitar. "Dakta, ki tambaye ta in na yi wasa da killacewa. Wata uku na ce, wata uku nake yi. Awartakinta daban, kwanon ruwanta daban. Ita nake dubawa ƙarshe, in na fito in wanke hannu har gwiwa, in canza riga. Kuma ki dube ta. Wannan ta yi miki kama da mara lafiya?"

"Wasu ɗauke da ita suke yi shekara da shekaru ba su yi ko tari ba," likitar ta ce. "Tana ci?"

"Wata rana ta ci, wata rana ta yi sarauta. Sai ta cafke ɓeran, ta riƙe a baki kamar za ta haɗiye, can kuma ta saki ta juya kai."

"In ta saki, ina ɓeran yake zuwa?"

Bhekani ya juya yana mayar da murfin akwatin.

"Bhuti, ɗan'uwa, tambayarka nake," likitar ta ce.

"Ɓera ne babba, an riga an narkar da shi daga firiza, ba a mayarwa. Randi arba'in guda ɗaya. Zubarwa zan yi?" Muryarsa ta soma yin ƙasa. "Kowa haka yake yi. Wanda wannan ya ƙi, sai a miƙa wa na gaba."

"Na gaba a ina?" Thobile ta ce. "Ita kaɗai ce a ɗakin nan."

Bhekani ya waiwaya ya kalli ƙofar gareji.

"Sau nawa, Hlengwa?"

"Bakwai. Ko takwas. Duk wanda na ga yana leƙe da yunwa."

"Gogo fa?"

"Lokacin tana tara ƙiba don ƙwai, ke da kanki kika ce kada a bar ta da yunwa. Sau biyu."

Thobile ta yi wata 'yar dariya wadda ba ta da daɗin ji. "Ka wanke hannu har gwiwa. Ka canza riga. Sannan ka ɗauki yawunta a faranti ka tsallake tsakar gida ka kai wa tsohuwa har baki."

"MaShozi, Allah ya sani ban..."

"Bari. Jeka ɗauko kular da muke zuba nama in za mu bakin teku. Ka wanke ta da ruwan zafi, ka kai kicin, ka sa shimfiɗar ɗumi sabuwa wadda ke cikin kwalinta. Injin ƙyanƙyasa na gareji ya ƙazantu, ba zan sa su ciki ba."

Kafin ƙarfe goma sun shirya. Likitar ta kawo sabuwar roba da damshin ƙasar ƙyanƙyasa a ciki, ta miƙa wa Thobile tawul.

"Rufe mata kai tukuna."

"Gogo ce fa."

"Uwa ce a kan ƙwai, kuma tana jin ciwo."

"Dakta, makaranta nawa na kai ta? Yara sun ja mata wutsiya, wani ya taɓa zama a kanta. Jikata ta yi barci da ita a cinya. Da ƙyar take numfashi, ba zan toshe mata fuska da tsumma ba." Ta ajiye tawul ɗin a kan kanta.

Ta sa hannun hagu a hankali ƙarƙashin nadin farko, tana magana ƙasa ƙasa yadda ta saba. "Ni ce, Gogo. Sakar mini su, zan kula miki da su." Jikin mesar ya yi tauri kamar tayar mota. Thobile ta ɗaga nadi na biyu.

Ba wanda ya ga lokacin da kan ya motsa. Sai kawai ga bakin Gogo a tsakanin babban yatsan Thobile da manuni, ta kafa haƙora, ta nannaɗe mata hannu har gwiwa ta matse.

Bhekani ya zabura. "Kada ka taɓa ta," Thobile ta ce, haƙoranta a cije. "In na ja, haƙoranta za su karye a ciki. Ta bar ƙwan, ba ka gani? Ɗauke su."

"Ni?"

"Dakta ta taɓa gawa da hannunta. Kai ka rage. Sa safa sabuwa."

Jini na bin tsintsiyar hannunta yana ɗiga a siminti. Ƙwan na nan a tsakiyar akwatin, farare, masu taushi kamar fata, sun manne da juna sun zama curi ɗaya. Duk mai kiwo ya san doka: yadda uwa ta ajiye ƙwai haka ake ɗaga shi, in ya juya bayan ɗan ya kama wuri, ruwan ƙwan ne zai danne shi ya kashe.

Bhekani ya sa sabuwar safa. Ya zura yatsu ƙarƙashin curin, ya ɗaga.

"A hankali. Kada ka karkata. Hlengwa, ka daina kallona, kalli hannunka."

Ya kusa kaiwa ga robar lokacin da na gefe ya ɓalle. Ya faɗa kan ƙasar damshin, ya mirgina sau ɗaya da rabi, ya tsaya a jikin bango.

Bhekani ya sauke sauran takwas, ya ɗauki fensir ya yi wa kowanne ɗigo a sama, sannan ya tsaya yana kallon na taran, bai san ina ne samansa ba.

"Fitar da su," likitar ta ce. "Ka goge kumfar da auduga da wannan ruwan, kowanne da audugarsa. Sannan ka yi wanka kafin ka shiga kicin."

Da ya fita, likitar ta ɗiga wa Gogo ruwan sanyi a baki. Sai da aka ɗan jima ta saki. Ba ta koma akwatin ba, ta bar kanta a kan hannun Thobile, kumfa da jini sun haɗu.

"Shekara goma sha tara," Thobile ta ce.

"Ba halinta ba ne ya canza, Sisi. Ƙwanta kika zo ɗauka."

"Na sani. Oom Stoffel ma da ya ce in rufe mata kai." Ta shafa bayan mesar da ɗaya hannun. "Yi yanzu. Kada mu jira jibi."

Allura biyu ce, ta farko ta barci. Thobile ta riƙe ta har nauyin jikin ya saki gaba ɗaya. Ta ce za ta binne ta a gindin fiya, likitar ta girgiza kai, ta ce gawar ma cuta ce, ƙonewa za a yi. Ta sa ta a leda biyu, ta ɗaure, ta rubuta lamba a jiki. Lamba ta biyu, bayan namijin.

Sai azahar suka gama ɗibar yawun sauran arba'in da na farar mesar. Likitar ta wanke wa Thobile ciwon, ta naɗe da bandeji, ta ce kada maciji ya shiga ko ya fita daga gidan har sai ta ce. Wanda gwaji ya nuna yana ɗauke da cutar, ko dai a kashe, ko ya zauna shi kaɗai har mutuwarsa. Ta ce su shirya wa asarar rabi, ko fiye.

"Ita waccan yau za a kashe ta," Bhekani ya ce, yana nuna ɗakin baya. "Ni zan riƙe ta."

"Me ta yi?" Thobile ta ce. "Ita ta je ta sayo kanta a but ɗin mota? Tana nan. Kai za ka ci gaba da ba ta abinci duk mako, in ta ƙi ka ga inda kwandon shara yake."

Bayan likitar ta tafi, Thobile ta yi wanka, ta sa kayan da ba su taɓa shiga gareji ba, ta ɗauki kular zuwa ɗakin ajiyar abinci ta rufe ƙofa don ya yi duhu. Bhekani ya tsaya a waje.

Ta manna tocila a jikin ƙwai na farko. Ya yi ja, jijiyoyi sun bazu a ciki kamar saiwar ciyawa. Na biyu haka. Na uku rawaya ne fayau, babu komai. Ta bi su duka, bandejin na hana ta riƙe tocilar da kyau.

"Nawa?" ya tambaya ta bayan ƙofa.

"Biyar masu rai. Uku sun mutu, ban san ko tun yaushe ba."

"Wanda na yar fa?"

Ta haska shi, ta juya shi kaɗan kaɗan har ta ga ɗan duhun da ke manne a gefe, ta mai da shi sama, ta yi ɗigo. "Da jijiya. In ya kai mako bai yi wari ba, shida."

Ta rufe kular, ta duba ma'aunin zafi, ta fito. Kwana talatin da biyar suka rage kafin a san ko akwai sauran jinin Gogo a duniya, kuma ko sun fito, sai an gwada su sau biyu kafin ta yarda ta sa musu suna.

Ta zauna a teburin kicin ta ɗauki waya. Bhekani ya ga inda ta shiga, zauren hirar waya na masu kiwon macizai na lardin, mutum ɗari uku da wani abu.

"MaShozi, ki jira gwaji ya fito mana. In kika rubuta wannan, ko kyauta muka ba da maciji ba mai karɓa. Shekara biyar ba za a manta ba."

"Mutumin but ɗin yana da akwati nawa ranar?"

"Kamar ashirin."

"To akwai gidaje goma sha tara da ba su sani ba tukuna."

Ta rubuta da hannu ɗaya, a hankali. Ta faɗi ranar baje kolin, da kamannin mutumin, da launin motarsa. Ta faɗi maganar ɓeran, ba ta ambaci wanda ya miƙa ba. Kafin ta tura ta karanta masa ƙarshen a fili: "Mun rufe gidanmu. Abin da zan iya tabbatar muku shi ne, tun Agusta babu macijin da ya fita daga hannunmu zuwa na wani." Ta ɗago. "Akwai gyara?"

Bhekani na kallon ledar tebur, yana kankare wani tabo da farce.

Ta tura.

Ko minti uku ba a yi ba aka danna ƙararrawar get, aka riƙe ta ba a saki ba. Thobile ta leƙa ta taga. Wata a-kori-kura ce fara, taɓo har ƙofofi, an rufe bayanta da tamfol. Wani ƙaton Bature mai gajeren wando da jar fuska na tsaye a bakin get, bai ko kashe motar ba. Ba ta taɓa ganinsa ba.

Ta fita. Bhekani bai biyo ta ba.

"Nan ne gidan Hlengwa?"

"Nan ne. Ni ce matarsa."

"Gerrit Swanepoel, daga Empangeni. Tun safe nake kiran mijinki ba ya ɗauka, shi ya sa na taso. Yanzu kuma a bakin get ɗinki na karanta abin da kika rubuta." Ya ɗaga wayarsa. "Ko ƙarya kike yi, Mama, ko ba a gaya miki komai a gidanki. A Satumba mijinki ya ara mini namiji na kwana goma don barbara, a kan za mu raba 'ya'ya. Ya ce kin tafi Eshowe wajen jana'iza."

Thobile ta dafa ƙarfen get da hannun bandejin.

"Macizaina mata goma sha huɗu na haɗa da shi," mutumin ya ce. "Macizai ɗari biyu ne a ɗakina." Ya koma bayan motar ya soma kwance igiyar tamfol ɗin. "Kira shi ya fito. Ina so ya ga matattun da idonsa kafin mu yi magana."